Na'urar da Rut Ta Koya wa Barci

A gidan hayar da Rut Ayuba ta tashi, can cikin Sabon Garin Gusau, ruwan famfo ba shi da alƙawari. Yau ya zo da hantsi, gobe da la'asar, jibi kuma a wuni ana jira ko ɗigo babu. Famfon ɗaya ne a tsakar gida, iyalai kuwa da yawa, don haka matan gidan suka ɗora wa yara aikin dubawa. Jim kaɗan sai a ce, wane, je ka murɗa ka gani. Yaro ya je ya murɗa, famfo ya yi masa tsaki, ya dawo ya ce babu. Can an jima a sake tura wani.

Rut ba ta ƙi aiken ba, hikimarsa ce ba ta gani ba. Yawancin zuwan a banza ne, kuma ranar da aka dace ma sai a tarar ruwan ya daɗe da zuwa har yana shirin ɗaukewa. Wata rana sai ta bar famfon a buɗe, ta ɗauko farantin silba na mahaifiyarta ta ajiye a ƙarƙashinsa, ta koma ɗaki abinta. Da ruwa ya zo, ɗigon farko ya faɗa kan farantin, ƙara ta cika gidan, kowa ya fito da bokitinsa.

"Yarinyar nan," in ji mahaifiyarta Rebecca, "ban sani ba ko wayo ne ko ƙiwa."

Mahaifinta, wanda aikin gwamnati ya kawo shi Gusau daga kudancin Kaduna tun kafin a haife ta, ya ce, "Ƙyale ta. Wanda ya fara ƙera amalanke ma ai gudun ɗaukar kaya yake yi."

Ta yi karatun kwamfuta a Ƙauran Namoda, ta dawo Gusau ta zauna a wani shago tana buga wa mutane takardu, tana gyara kwamfutocin ofisoshi idan sun ƙi tashi. Masu kawo mata gyara sun san ta da hali ɗaya: ko na'ura ta gyaru, ba ta son sakinta sai ta gano abin da ya lalata ta. Wasu na ganin ɓata lokaci ne, amma dai ita suke sake kawo wa. A cocinsu ta haɗu da Haruna, makanikin rijiyoyin burtsatse, mutum mai yawan barkwanci wanda tafin hannunsa ba ya rabuwa da baƙin mai. Suka yi aure, suka haifi 'yarsu Dorcas.

Haruna yana yi wa wata ƙungiya aiki, ta ƙauyukan da suka haɗa kai don kula da rijiyoyinsu masu aiki da sola, daga yankin Bunguɗu har zuwa na Tsafe. Shugabarta Hajiya Juwairiyya ce, tsohuwar malamar asibiti, mace marar ɗaga murya wadda kuma ba a cika yi mata musu ba. Tsarin aikin shi ne zagaye. Kowane mako Haruna ya hau babur ya bi ta Furfuri, ya gangaro ƙauyukan Kwatarkwashi, wata ranar kuma ya nufi Tsafe har gefen Bilbis. A kowace rijiya ya tsaya, ya kasa kunne ga sumo, wato injin da ke can ƙasa yana turo ruwa, ya leƙa tanki, ya gaisa da mai kula da wurin, ya wuce. Mafi yawan lokuta komai lafiya lau.

Da can zagayen nan gajiya ce kawai. Da hanyoyi suka lalace, 'yan bindiga suka fara tare mutane, sai ya zama wani abu dabam. Wata ranar ya dawo ba hula, ba barkwanci, ya ce ya jefar da babur ya kwanta cikin gonar dawa har sai da ƙarar baburansu ta yi nisa. Rut ta kawo masa ruwa ya sha. Ta zauna tana kallon ƙaiƙayin da ya maƙale a rigarsa.

"Baban Dorcas, rijiyar da ka je dubawa, me ya same ta?"

"Babu komai. Lafiyarta ƙalau."

Amsar nan ce ta kai ta ofishin Hajiya Juwairiyya. Ta ce a daina tura mutum ya tambayi rijiya lafiya. A ba kowane mai kula da rijiya waya mai ɗauke da wata 'yar manhaja da ita za ta rubuta. Idan famfo ya tsaya ya aiko saƙo, saƙon ya sauka a wata ƙaramar kwamfuta a ofis, ita kuma ta sanar da Haruna. Ya tafi inda ake nemansa kawai.

Hajiya ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce, "Na ji, 'yata. Kin san ni ma ba na son ganin yaron nan a hanya. Amma mutanen nan ruwansu ke hannunmu. Ranar da na'urarki ta bar wani ƙauye da ƙishirwa, ranar zai koma kan babur."

"Na yarda, Hajiya."

Kwamfutar ba ta fi sabulun wanki girma ba, kuma batirin solar ofis take sha. Manhajar farko da Rut ta rubuta mata ta yi aiki, amma da wani irin aiki: takan bi layin kowane ƙauye ɗaya bayan ɗaya tana tambaya ko akwai saƙo, ta kai ƙarshe ta sake dawowa farko, ba hutu ba numfashi. Akwatin ya riƙa ɗaukar zafi kamar dutsen guga. Da aka ƙara ƙauyuka, batir ya fara ƙarewa kafin rana ta sake cika shi. Haruna ya taɓa shi ya janye hannu.

"Injiniya, ashe ba ki soke zagaye ba," ya ce. "Ni kika sauke kika ɗora wannan bawan Allah."

Ta yi dariya, amma maganar ta zauna mata. Ta shiga karatu, tsakanin mai kawo takarda da mai kawo gyara, a kan wani sashe na kwamfuta da ba ta taɓa leƙawa sosai ba tun tana makaranta. Masu sana'ar suna ce masa kanel. Shi ne ƙwayar manhajar da ke tafiyar da na'ura gaba ɗaya. Babu wata manhaja da ke taɓa waya ko layi da hannunta. Duk abin da ya shigo, hannun kanel yake fara faɗawa, shi ne zai riƙe har mai shi ya zo ya karɓa. Abin da ya ba ta sha'awa shi ne, ashe mutanen da suka gina shi sun daɗe suna fama da damuwarta. Tsohuwar hanyarsu ita ce manhaja ta miƙa wa kanel sunayen duk layukan da take jira, ya bi su ya duba, ya ba ta amsa, an jima ta sake miƙa masa su duka ya sake bi. Idan layukan ba su da yawa ba a jin nauyin. Idan sun kai dubbai, sai na'ura ta ƙare ƙarfinta wajen tambayar waɗanda ba su da abin faɗa.

Sai suka fito da wata dabara. Manhaja ta gaya wa kanel sau ɗaya waɗanda take jira, ta kwanta ta yi barci, barcin gaske wanda ba ya cin wuta. Idan saƙo ya shigo, shi kansa shigowarsa ce ke katse wa na'ura abin da take yi. Kanel ya ware layin da ya yi motsi, ya tashi manhajar, ya ce ga wanda ke magana. Nauyin aiki ya daina bin yawan ƙauyuka, ya koma bin yawan masu magana. Rut ta karanta wurin nan ta sake karantawa, tana murmushi ita kaɗai har mai jiran takardarsa ya tambaye ta ko lafiya.

Akwai kuma zaɓi a ciki. Kanel na iya zama mai naci: muddin akwai abin da ba a karɓa ba a hannunsa, ba zai bar manhaja ta koma barci ba, zai yi ta taɓa ta. Yana kuma iya zama mai faɗa sau ɗaya: sabon abu ya shigo, ya taɓa ta, shi ke nan ya sauke nauyi, sai kuma wani sabon ya sake shigowa. Na biyun ya fi rage tashe-tashe, kuma Rut batir take tattali. Shi ta zaɓa. Ta tsara manhajarta a kan cewa duk tashi ɗaya saƙo ɗaya ne: ta karanta shi, ta mayar wa mai shi da "An karɓa", ta tura wa wayar Haruna, ta koma barci.

Akwatin ya huce. Batir ya daina ƙarewa, har ya zama ana yin watanni ba a kashe shi ba. Haruna ya daina zagaye. Ya fara ƙiba, ya buɗe ɗan wurin gyaran sumo a ƙofar gida, Dorcas ta saba da ganinsa da rana. Daga rani har damina ta kankama, ƙauyen da ya kira shi ne kawai ya gan shi.

Ranar wata Talata da hantsi Hajiya ta aiko a kira su su biyu. Suka tarar da wani dattijo zaune a kan benci, siriri, da rawani mai launin ƙasa, ya ɗora waya a cinyarsa ya dafe da hannu biyu. Malam Lukuman ne, mai kula da rijiyar wani ƙauye da ke bayan duwatsun Kwatarkwashi. Sai da aka gaisa, aka tambayi iyali da damina da gajiyar hanya, sannan Hajiya ta ce, "Malam, maimaita musu abin da ka gaya mini."

"To, Malama," ya ce yana duban ƙasa, "ruwan ga dai ya tsaya. An kusa sati ukku. Mata sun koma ƙorama bayan dutse, wurin da ko maza ba su son zuwa yanzu. Na ce bari in taho da kaina in ji ko mun yi wani laihi."

Haruna ya dafe kai. Rut ta ce, "Baba, ba ka aiko saƙo ba?"

"Na aiko mana. Ga shi nan."

Ya miƙo wayar. Saƙo biyu ne a jere. Na farko: sallama, da fatan an tashi lafiya, da gaisuwa ga Hajiya da Malam Haruna da iyalansu. Na biyu: famfo ya tsaya tun jiya, tanki ya ƙafe. A ƙasansu ga amsar na'urarta, An karɓa.

"Da ka ji shiru, Baba, me ya hana ka sake aikowa?"

Ya ɗago ya dube ta da mamaki. "Na hwaɗi, an ce an karɓa. In sake kuma? Sai ka ce ina tuhumar manya da ƙarya. Na ce hala aiki ya yi musu yawa, layinmu bai zo ba."

"Kira fa?" in ji Haruna.

"Kira ba ya shiga wurinmu, Malam Haruna, kai ma ka sani. Rubutu kaɗai ka kutsawa."

Hajiya ta gyara gyalenta. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi wa Rut sauƙi. Ta ce gobe da safe Haruna zai bi Malam Lukuman ya gyara famfon. Ranar Asabar kwamiti zai zauna, kuma ita da bakinta za ta kawo shawarar a dawo da zagaye. "Mun yi magana da ke tun farko," ta ce.

Rut ta buɗe kwamfutarta a kan teburin ofis. A ranar da Malam Lukuman ya nuna, gaisuwarsa ta iso, an tura wa Haruna, shi kuma ya karanta ya ce madalla. Saƙo na biyu babu shi, kamar ba a taɓa rubuta shi ba. Tsoro na nan a ƙirjinta, amma a gefensa akwai tsohon ƙaiƙayin nan nata: ina saƙon ya shiga? Abu ba ya ɓata haka kawai. Ta roƙi dattijon ya ɗan jinkirta tafiya masaukinsa, ya sake aiko mata kamar yadda ya yi a ranar. Ya rubuta gaisuwa da yatsa ɗaya, a hankali, ya tura. Ta iso. Ya rubuta na biyu, ya tura. Shi ma ya iso. Suka sake, suka kuma sakewa. Ko sau ɗaya na'urar ba ta yi kuskure ba.

"Baba, haka ka yi a ranar? Daidai haka?"

"Haka na yi. Sai dai nan babu dutse."

"Wane dutse?"

Ya yi mata bayani kamar mai faɗin abin da kowa ya sani. A gindin rijiya babu sabis ko kaɗan. Don haka a nan ƙasa, cikin inuwa, yake zama ya rubuta abin da zai rubuta ya danna turawa, saƙonnin su tsaya cikin waya. Sannan ya hau dutse, ya ɗaga wayar sama har ya ji ta yi ƙara, ya jira amsa, ya sauko.

Rut ta karɓi wayar ta kashe mata sabis. Ta ce ya rubuta gaisuwar, ya rubuta na biyun, duka ya danna turawa. Sannan ta kunna. A allon kwamfutarta gaisuwa ta bayyana, amsa ta koma, akwatin ya koma barcinsa. Na biyun bai fito ba. Suka zuba ido su uku, ita da Haruna da dattijon. Shiru.

Sai ta gane, kuma ganewar ta zo mata da wani daɗi da ta ji kunyarsa. A Furfuri sabis na da ƙarfi. Gaisuwa na tafiya da zarar an rubuta ta, kuma kafin mutum ya lalubo haruffan saƙo na biyu an ɗauki lokaci, don haka ƙwanƙwasawa biyu ce, tashi biyu. A kan dutsen Malam Lukuman kuwa, saƙonnin biyu tare suke shigowa, kafaɗa da kafaɗa. Kanel ya ga shigowa ɗaya, ya taɓa manhaja sau ɗaya. Ita kuma ta ɗauki na gaba ta koma ta kwanta. Na gaba kuwa, a ƙasar nan, kullum gaisuwa ce. Ta tuna farantin mahaifiyarta: ɗigon farko ne ke ƙara, da ruwa ya cika shi sai ya yi shiru ko da famfon na ta zuba. Wanda bai fito a ƙarar farko ba, ba za a sake kiransa ba.

Ta tambayi kanel abin da yake riƙe da shi wanda ba a karɓa ba. Ga shi nan. Dattijon ya sauko daga dutse, layinsa ya yanke ba sallama, kanel bai san ya tafi ba, ya ci gaba da riƙon amanar. Kuma tun da akwatin ya daina cin batir ba a taɓa kashe shi ba balle abin ya goge. Famfo ya tsaya tun jiya, tanki ya ƙafe. Saƙon yana cikin ofishin nan tun ranar, kusa da gwiwar Hajiya. Ko da ya sake hawa dutsen ya maimaita, da gaisuwa zai fara, kuma da haka za a sake yi.

A wani tsohon layin ta tarar da saƙo na wani mai kula da rijiya a gefen Bilbis, Isah. Ba na famfo ba ne. Yana sanar da Malam Haruna cewa an yi masa haihuwa, yana gayyatarsa suna.

"Kai!" in ji Haruna. "Shi ya sa mutumin nan yake amsa mini gaisuwa da hanci! Yaron ai yanzu ya fara zama." Ya juya ga matarsa. "To ai maganin mai sauƙi ne, Injiniya. A gaya musu su daina gaisuwar, su tafi kai tsaye ga magana."

Malam Lukuman ya ja da baya a kan benci. "In hwaɗa wa mutum buƙata ban gaishe shi ba? Ni ɗan fashi ne?"

"Kai ma da ka kawo shawarar," in ji Hajiya tana duban Haruna, "ka taɓa shigowa ofishin nan ka ce mini ba ni kuɗin mai ba ka tambayi ƙafata ba?"

"Hajiya, ai ƙafarki ta fi mai muhimmanci."

Rut ta koma kan kwamfutarta. A ganinta gaisuwa ba ta yi laifi ba, kanel ma bai yi ba. Ya yi abin da ta zaɓa masa. Masu amfani da mai faɗa sau ɗaya sun san sharaɗinsa: idan an tashe ka, ka kwashe duk abin da ke hannunsa har ya ce maka babu saura. Ta karanta sharaɗin a lokacin, ta wuce shi, don a gwajinta na cikin gari saƙo bai taɓa zuwa da ɗan rakiya ba. A yinin nan ta gyara. Ta sa manhajar ta riƙa kwashewa har ƙasa. Ta kuma mayar da kanel mai naci, don da ta auna sai ta ga batirin da wancan ke ceto a ƙauyuka 'yan kaɗan irin nasu bai taka kara ya karya ba. Amsar ma ta canza ta: maimakon An karɓa, na'urar ta riƙa maimaita wa mutum maganarsa, ya gani da idonsa abin da aka ji.

Washegari Haruna ya goya Malam Lukuman suka tafi. Wata waya ce ta ƙone a akwatin sola, aikin da bai kai dafuwar shinkafa ba. Kafin la'asar ya dawo.

Ranar Asabar Rut ta nuna wa kwamiti komai, da waya a hannu: ta kashe sabis, ta jera saƙonni, ta kunna, duka suka fito. Dattawan suka gyaɗa kai. Hajiya ba ta gyaɗa ba.

"Wannan ramin kin cike shi," ta ce. "Ni tambayata dabam ce. Na yi shekaru a ɗakin marasa lafiya. Mai kuka ba ya ba ni tsoro, na san inda yake. Wanda ya yi shiru ne nake zuwa in taɓa. Na'urarki idan ta ji shiru, ta yaya za ta san shirun lafiya ne ko na wayar da ta faɗa rijiya?"

Rut ta san tambayar daidai take: mai jiran a kira shi ba ya bambanta wanda ba shi da matsala da wanda ba shi da murya. Wani dattijo ya fara cewa to ke nan a koma yadda aka saba. Ta dubi Haruna, ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ta mayar da ido kan allon da ke gabanta, inda saƙonnin jiya ke jere, don kawai ta sami wurin ajiye ido. Jiya Juma'a ce. Daga Furfuri, barka da Juma'a. Daga Bilbis, barka da Juma'a. Kusan kowane ƙauye ya aiko, ba wanda ya sa su, kuma haka suke yi tun ranar da aka ba su wayoyin. Ita da ba ta zuwa masallaci ta saba wuce su da ido.

"Hajiya," ta ce a hankali, tana tunanin tana faɗa, "ai suna gaishe mu duk Juma'a. Kanel yana iya riƙe agogo kamar yadda yake riƙe layi. Zan ba kowane ƙauye nasa. Wanda ya gaishe mu, agogonsa ya koma farko. Wanda Juma'a ta wuce bai gaishe mu ba, na'urar ta tashi ta kira sunansa. Sai a neme shi ta direbobin tasha ko 'yan kasuwa. In ba a same shi ba, Baban Dorcas ya je."

"Wato gaisuwar za ta zama dole."

"Da ma can dole ce, Hajiya. Ba mu muka ɗora musu ba."

Aka yi dariya, har Hajiya ta ɗan murmusa. Ta juya zoben hannunta, sannan ta ce za a gwada har kaka. Idan an kai girbi ba a sake barin kowa da ƙishirwa ba, an binne zagaye.

An yi girbin, an yi na bayansa. Haruna har yanzu yana hawa hanyar Tsafe, amma sai an kira shi, ko kuma wani ƙauye ya yi shirun da tasha ta kasa warwarewa; hakan ya faru 'yan lokuta, kuma a irin ranakun Rut ba ta iya cin abinci sai ta ji ƙarar baburinsa a lungu. Sauran ranakun yana ƙofar gida cikin sumo da baƙin mai, yana tsokanar masu wucewa.

Tambaya ɗaya ce ta rage mata wadda take ta juyawa: idan akwatin da kansa ya mutu, wa zai sanar? Ta yi tunanin sa masa wani akwatin ya tsare shi, sai ta ga shi ma wancan yana buƙatar mai tsaro. Kafin ta samo mafita, kowace safiya a hanyarta ta zuwa shago takan ratsa ta ofishin ƙungiyar, ta gaida Hajiya, ta leƙa bayan kabad ta ga 'yar koriyar fitilar tana ƙiftawa, sannan ta wuce.